Launukan Sarkin Ruwa

Bagudo,
Lahadi, 12 ga Yuni, 2022

Ƙawata Tasallah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Muhsin. Yaya aiki, yaya Abuja da tsadarta? Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sau uku, an fara shuka. Inna tana gaishe ki, tana kuma tambaya ko ba abinci ne a garin naku, don ta ga hotonki ta ce kin bushe.

Kin ce in daina cika miki waya da saƙon murya na minti goma-goma, in zauna in rubuta kamar wadda ta yi makaranta. To ga shi, ke kika jawo wa kanki.

Bari in sake miki bayanin aikin daga farko, tunda ranar da na kira ki kina tuƙi, rabi kawai kika ji. Ƙungiyar masunta da manoman fadama ta nan ta sa ni in gina mata shafi a yanar gizo wanda zai nuna yadda kogi yake cika. Muna da tashoshin jirgi takwas a bakin Kwara, daga Madekali da ke cikin ƙasar Benin, inda Kawu Bunyaminu ƙanen Inna yake zaune, har zuwa ƙasa da Tuga. A kowace tasha an kafa sandar awo. Da safe mutum ɗaya zai duba inda ruwa ya kai, ya turo lambar. Ruwan da ya wuce gaban Kawu yau, sai gobe ko jibi yake iso mu, kin ga ke nan in an gani da wuri za a kwashe hatsi da dabbobi a hau tudu. Yawancin mutanenmu ba su karanta boko, don haka kowace tasha na yi mata babban ɗigo mai launi. Kore lafiya, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja a tashi.

Yanzu ga abin da zai faranta miki rai, mai son a ce ta yi gaskiya. Kin tuna wankin babban bargo da kika yi min ranar da kika buɗe aikina kika tarar na rubuta lambar jan launi da hannu a cikin fayil talatin da ɗaya? Kika ce na watsa launi kamar kaza ta shiga shanyar gero. Kwana huɗu na yi ina tsince su ina zaginki a zuci. Yanzu duk na tara su cikin fayil guda, kowanne da sunansa, sauran fayilolin ado, masu tsara kamannin shafin, kuma sunan kawai suke kira. Na so in sa musu ja da kore in huta, sai na tuna kin ce a sa wa abu sunan aikinsa, ba sunan kamanninsa ba. Saboda haka ga launin-lafiya, ga launin-hattara, ga launin-haɗari. Har yanzu ban ga amfanin wahalar ba, amma na yi.

Sai kuma abin kunya. Gwaje-gwajena arba'in da shida, waɗanda nake kunnawa su duba min ko na ɓata wani abu, kullum duk kore suke fitowa, alamar komai daidai, ina ta hura hanci. Ranar Alhamis wani abu ya ce min in jarraba su. Na mayar da launin-haɗari ruwan hoda da gangan, na kunna. Wallahi Tasallah, arba'in da shida kore! Na bi diddigi sai na tarar a fayil ɗin da ke tsara yadda gwaji zai gudana akwai layi ɗaya da ke cewa a tsallake fayilolin ado gaba ɗaya. Ashe duk tsawon nan gwajin babu yake gwadawa da babu, ya ce min sun yi daidai. Na gyara layin, na sa ya riƙa loda fayil ɗin launuka kafin komai. Nan take sha tara suka koma ja. Ban taɓa murnar ganin ja haka ba, har Inna ta leƙo ta ga ko lafiya. Jiya na gama da su.

Ranar Asabar ashirin da biyar ga wata za a nuna wa dattawa. Malam Namadi, sakataren ƙungiya, ya faɗa min ƙiri-ƙiri cewa in Sarkin Ruwa bai ce e ba, ba masuncin da zai kalli shafin, ƙungiya kuma ba za ta riƙe ni ba. Sarkin Ruwa kuwa kin san shi, Babana ne, Ɗanmusa mai maganar da ba ta wuce ƙwaya uku. Shi ya kai ni makaranta da kansa, amma tun da na dawo bai taɓa tambayata me nake yi a cikin kwamfutar nan ba. In ya ƙi, sai dai in karɓi kujerar da kike ta yi min tayi a ofishinku. Ke kin san ba na son barin garin nan, kuma kin san ba kujerar ce ke hana ni sukuni ba. So nake sau ɗaya Baba ya kalli aikina ya ce na yi.

Ki taya ni da addu'a. Ki gaida Muhsin.

Taki har kullum,
Hafiza

Bagudo,
Lahadi, 26 ga Yuni, 2022

Tasallah,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya, sauran kuwa ki karanta ki gani.

Baba ya ƙi.

An taru bayan La'asar a gindin tsamiyar bakin tasha, maza a kan tabarmi, mu mata daga gefe. Na zuba lambobin misali yadda tashar Lolo za ta fito ja, Tuga ruwan ɗorawa, sauran shida kore. Malam Namadi ya yi bayanin launukan sau biyu, ya jera sunayen tashoshin, sannan ya ɗaga wayar ya tambaya ina ne ruwa ya yi yawa. Kafin ya rufe baki mutane sun ce Lolo. Har Dela mai bandar kifi, wadda ko lambar wayarta ba ta sani ba, ta miƙa wuya ta ce ai ga shi nan na biyu. Zuciyata fari ƙal, ina ta gyara hijabi don kada a ga ina murmushi.

Sai Malam Namadi ya durƙusa ya miƙa wa Baba wayar da hannu biyu. Ya canja misalin tukuna, don kada a ce an riga an faɗa, ya roƙe shi ya nuna wa jama'a tashar da ke cikin haɗari. Baba ya karɓa. Ya kalla, ya kawo ta kusa da fuska, ya nesanta ta, ya karkata ta gefe. Kowa ya zuba masa ido. Ni ina ganin jan ɗigon daga inda nake zaune, ƙato, a kan Bahindi. Can sai ya mayar wa Malam Namadi, ya ce shi ya san kogin nan tun kafin a ƙera waya, kuma ba zai ɗora rayukan mutane a kan abin da ba ya faɗin komai ba. Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ko inda nake bai kalla ba.

Abin da ba ya faɗin komai! Wata uku ina kansa, Tasallah. Da ya ce launin bai yi masa kyau ba, ko rubutun ya yi ƙanana, da na ji da sauƙi. Dattawan da suka gama cewa Lolo da bakinsu duk suka hau gyaran murya, wai a bi a hankali. Malam Namadi, Allah ya saka masa, ya roƙi a ba ni mako huɗu in sake dubawa. In duba me? Gwaje-gwajena duk kore ne, kuma wannan karon na gaskiya.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Na kuma yi fushi irin nawa da kika sani. Da safen nan na kai masa kunu na ajiye, na gaishe shi a tsaye na juya. Inna ta harare ni, ni ma na san ban kyauta ba.

Ki riƙe min kujerar nan zuwa ƙarshen Yuli. Kada ki kira ni ki ce in yi haƙuri, yau ba na son ji.

Taki,
Hafiza

Bagudo,
Lahadi, 3 ga Yuli, 2022

Ƙawata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya gida, yaya shirin Sallah? An samo ragon ko Muhsin yana nan yana jiran ya yi araha? Na gode da ba ki kira ba, na kuma gode da kika kira ranar Talata duk da haka.

Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ki rantse ba za ki faɗa wa ko Muhsin ba.

Ranar Laraba ina taya Inna juya kifi a kan banda, hayaƙi na cin idona, ina ta ƙunƙuni cewa Baba ya raina karatuna, dama can ɗa namiji ya so. Inna ta bar ni na zuba har na gaji. Sai ta tambaye ni ko na taɓa ganin ubana ya sayo tumatir ko attarugu a kasuwa. Na ce a'a, ai ba ya son cefane. Ta ce ko na taɓa ganin ya ɗauki hula da kansa ba ita ta ajiye masa a kan riga ba. Nan ma na ce a'a. Ta duba ƙofa, ta rage murya, ta ce Baba ba ya bambance ja da kore. Tun haihuwarsa haka yake.

Ta ce ita ma sai da suka yi wata biyu da aure ta gane. Ta aike shi kasuwar Lolo ya sayo mata tumatir nunannu, ya dawo da kwando guda, rabi ɗanye shar, yana ta yabon kansa wai ya iya zaɓe. Ta yi dariya, sai ta ga fuskarsa ta canja, ya fita bai ci abinci ba. Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, shi ma haka. Shekara talatin da huɗu ke nan tana jera masa kaya, in an kawo atamfa a zaɓa sai ta riga shi magana. Ko 'yan'uwansa ba su sani ba. Mutumin da ake zuwa tun daga Kamba a tambaye shi halin ruwa, ta ce, yaya za a yi ya yarda a ji akwai abin da yaro ɗan shekara uku ke gani shi ba ya gani? Shi kogi da kumfarsa yake karanta shi, da irin ciyawar da ya kwaso, da warinsa, da inda ya kai a jikin turken bakin tasha. Ba wanda ya taɓa tambayarsa launi a gaban jama'a sai ni, 'yarsa.

Tasallah, na zauna a kan turmi na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na haɗa duka biyun. Inna ta ce in tashi kifi na ƙonewa.

Na ruga ɗaki na buɗe kwamfuta. Kin san akwai wurin da ake sa shafi ya fito yadda mai irin wannan ido yake ganinsa. Na kunna. Ɗigo takwas, bakwai duk kala ɗaya, wani irin ruwan ƙasa kamar kunun da ya kwana. Jan da koren da na zaɓa duhunsu ɗaya, girmansu ɗaya, siffarsu ɗaya. Gaskiya tsagwaronta Baba ya faɗa, abin ba ya faɗin komai. An durƙusa an miƙa masa shi da hannu biyu a gaban mutanensa, ni kuma ina gefe ina jiran yabo. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Amma kuma wani daɗi ya lulluɓe ni, don ashe ba raina ni ya yi ba.

Na karanta cewa abin ya fi yawa ga maza, kuma ba kaɗan ba ne. Ke nan cikin masuntan nan akwai wasu da suka ce Lolo don sun ji na kusa da su ya faɗa. Da shafin ya fita haka, wata rana ruwa zai zo, wani ya kalli wayarsa ya koma ya kwanta. Gwaji arba'in da shida, ba ɗaya da ya tambaya ko ido zai iya raba launukan.

Matsalata yanzu, yaya zan san wanda Baba ke gani ba tare da ya san na sani ba? Inna ta ce in na kuskura na nuna masa, ita da ni mu nemi garin da za mu koma. Ina da wata dabara, amma bari in gwada tukuna.

Yau da safe na kai masa kunu na durƙusa har ƙasa, na daɗe ina gaisuwa, har ya tambaye ni ko wani abu nake so.

A yi Sallah lafiya. Ki ajiye min soyayyen nama ko da a hoto ne.

Taki mai ƙaunarki,
Hafiza

Bagudo,
Lahadi, 17 ga Yuli, 2022

Hajiya Tasallah, uwar masu gaskiya,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na ga hoton ragon, ki gaya wa Muhsin jiran nasa bai yi amfani ba, ɗan akuya ya fi wannan ƙiba. Mu mun yi Sallah lafiya, Kawu Bunyaminu ya ƙetaro da iyalinsa kwana biyu, gida ya cika da Dandanci da Faransanci har kaina ya yi ciwo.

Dabarar ta ci! Ranar Laraba na sami Baba yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi a zaure. Na ce masa na yi tunani a kan maganarsa, na gano inda na yi kuskure. A ɗaki na zaɓi launukan, a inuwa, alhali masunci a tsakiyar ruwa yake duba waya, rana na dukan gilashin. Na ce ni ban san yadda hasken kogi yake ba, ko zai taimaka ya fita da ni in gwada. Ba ƙarya na yi ba, rana tana kashe launi, sai dai ba duka gaskiyar na faɗa ba. Ya ƙarasa jan zaren da ke hannunsa. Sannan ya ce in shirya gobe da hantsi.

Rabona da shiga jirgin Baba tun ina aji huɗu na firamare. Ya shimfiɗa min buhu a tsakiya, ya tura mu har inda ruwa ke da faɗi, ana hango shanun Fulani a tsallake. Na shirya launuka goma sha biyu bibbiyu a waya. Ba na ce masa wannan wane launi ne, sai in ce a hasken nan, waɗannan biyun sun rabu ko sun haɗe? Da farko a taƙaice yake amsawa. Da ya ga ba tarko a ciki, sai ga Baba ya ajiye filafilin tuƙin jirgi ya karɓe wayar daga hannuna! Ya ce wannan da wannan banza ne, wannan kuwa ko daga bakin gaɓa ana ganinsa. Ya tsayar da fari, da ruwan ɗorawa mai haske, da baƙi wuluk.

Sai kuma ya kawo abin da ni da ke da duk malamanmu ba mu yi tunaninsa ba. Ya ce launi kaɗai ba ya isa, in gilashin waya ya tsage ko ya yi datti fa? Ya ce tun zamanin kakansa, turken da ke bakin tasha tsaga uku ake yi masa da wuƙa. Ruwa a tsaga ta ɗaya ba komai, ta biyu a ɗaure jirage da kyau, ta uku a kwashe yara. Kowane masunci daga nan har Madekali ya san wannan tun yana goye. Me zai hana in sa tsagar a cikin ɗigon? Na ce Baba, a sake faɗa in rubuta. Ya sake faɗa, har da ƙari. A hanyar dawowa ya nuna min inda ya kama giwan ruwan da aka sayar aka yi hidimar sunana. Mutumin da ba ya magana, ranar sai da na ji kunnena ya gaji.

To, buɗe kunnenki, sau ɗaya zan faɗa: kin yi gaskiya. Na dawo gida na buɗe fayil guda, na canja layi uku, shafi gaba ɗaya ya juye. Da a ce suna nan warwatse cikin fayil talatin da ɗaya, da har yau ina tsinta. Kuma da na sa musu suna ja da kore, da yanzu ina da abin da ake kira ja alhali baƙi ne. Kada ki saba, ba kullum zan riƙa yabonki ba.

Na ƙara gwaji biyu. Na farko yana auna hasken launukan uku, in biyu suka yi kusa da juna ya ƙi wucewa. Na biyu yana bin duk fayilolin ado yana neman lambar launi da aka rubuta da hannu. Ya ce babu, na kusa tafiya, sai na tuna abin da ya same ni a watan jiya na koma fayil ɗin tsarin gwaji. Ai kuwa! Tun farkon aiki na sa a tsallake jakar fayilolin shafin Faransanci, wanda mutanen Kawu ke buɗewa, wai don gwaji ya yi sauri, na manta. Na cire wannan layin na kunna, sai ga tsohon ja guda ɗaya ya maƙale a can. Da mutanen Benin suna ganin ja, mu muna ganin baƙi, a kogi ɗaya.

Na nuna wa Baba sabon shafin jiya. Ya kalla sosai, ya ce to. To kawai. Na kwana ina juya wannan to ɗin, ban san ta yarda ba ce ko ta sallama. Asabar mai zuwa ne taron.

Taki,
Hafiza

Bagudo,
Lahadi, 24 ga Yuli, 2022

Ƙawata Tasallah,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Inna na gaishe ki, Baba ma ya ce a gaida ƙawar nan tawa ta Abuja, kin ji sabon abu.

Taron jiya ya fi na farko cika, don har da mutum shida daga Madekali, Kawu ya kawo su. Wannan karon ba misali na zuba ba, lambobin safiyar jiya ne na gaske. Malam Namadi bai ma gama bayani ba mutane suka gane tsagar, ana ta cewa ai turke ne aka sa a waya.

Sai Alhaji Manu ya miƙe. Dillalin kifi ne, yana kai kaya Legas, kuma ba ya bari a manta da haka. Ya ce shi ya zaga duniya, ko'ina ja ne haɗari, kore ne lafiya, ko fitilar kan titi haka take. Da wane dalili yarinya za ta zo ta canja abin da duniya ta yarda da shi? Ko dai aikin ne ba ta iya ba? Wasu suka fara gyaɗa kai. Malam Namadi ya juyo ya kalle ni. Na tashi na fara zancen rana da gilashin waya. Alhaji Manu ya ce shi ma a rana yake tuƙi, kuma yana ganin ja sarai. Amsa ɗaya ce ta rage, ita kuwa ko za a kore ni daga garin ba zan faɗe ta ba. Na riga na saduda, a raina har na fara haɗa jakar Abuja.

Sai Baba ya ɗaga hannu. Zan rubuta miki yadda ya faɗa, don na haddace.

“Manu, zamna. Ba rana ta ba, idona na. Tun da anka haihe ni ban san ja da tsanwa ba, duk ɗaya nika ganin su. Shekara sittin da ukku ina ɓoyo. Ranar nan da kunka miƙo mani waya, ban ga komi ba, kunya ta sa na ɓata aikin yarinya. Ita ko da ta gane, ba ta tona ni ba, ko ni ba ta hwaɗa ma ba. Ta koma ta gyara aikinta, ta zo ta ce min wai rana ta.”

Tasallah, ashe tun a cikin jirgi ya san na sani. Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ina kuma jin kunya don na tuna akwai mutum ɗaya a Abuja da na faɗa wa.

Can sai wani tsoho cikin mutanen Madekali ya yi magana da Dandanci, Kawu ya fassara. Wai shi ma haka yake, ya ɗauka kowa ma faɗin sunan launin kawai yake yi. Wani daga Tuga ya ce to ai mun zama uku. Dela ta ce yanzu ta gane dalilin da mijinta ya yi shekara ashirin yana sayo mata zanen da ba ta aike shi ba. Aka fashe da dariya, har Alhaji Manu, har Baba, wanda sai da ya share ido da bakin rawani.

Da aka natsa Baba ya karɓi wayar da kansa, ba wanda ya miƙa masa. Ya duba ya ce Madekali tsaga biyu, sauran ɗaya ɗaya, kowa ya ɗaure jirginsa da kyau kafin jibi. Kawu ya ce haka ne, shi ya auna da hannunsa. Sannan Baba ya ce daga yau kowace tasha ta riƙa duba shafin nan bayan sallar Asuba, wanda kuma ya ga ba daidai ba ya zo ya same shi, ko ya sami Hafiza. Sunana ya kira, a gaban kowa, haɗe da nasa.

Da muka dawo gida na ba Inna labari, ina tsoron za ta ce na jawo an ji. Sai ta ce alhamdulillahi, ta sauke kaya.

Na gode da kika riƙe min kujerar nan wata guda, Allah ya bar zumunci. Ki ba wani. Ni ina nan, gobe da hantsi zan bi Baba Tuga, ya ce sandar awon can ba a kafa ta daidai ba, yana so mu je mu duba tare.

Ki gaida Muhsin da kyau.

Taki har abada,
Hafiza Ɗanmusa